Amanar Tsakar Verna

Litinin, 7 ga Janairu

Verna Koskela ta zame a kan ƙanƙarar matakalar waje jiya, ƙugu ya karye. Ƙofarta ce ke kallon tawa, kuma duk benen nan ita kaɗai ke ƙwanƙwasa mini ba don tana neman wani abu ba.

Yau da hantsi ɗanta Royce ya shigo rungume da wani dogon akwatin gilashi, ya dire mini shi a kan teburin cin abinci, daidai inda nake shimfiɗa jarida.

"Mista Solheim, Mama ta ce kai za ka riƙe mata. 'Yan makonni ne."

Na ce ko kyanwa ban taɓa kiwo ba. Matata Signe ce mai son dabbobi a gidan nan, ita kuwa ta daɗe a kabari. Ya ce shi ma haka ya faɗa wa uwarsa, ta ce a gaya mini ɗan Norwe irina ba ya ƙin amana, sai dai ya karɓa yana ƙunƙuni. To ga shi ina yi.

Tsaka ce, jaririya. Har da wutsiya da kaɗan ta fi yatsana na tsakiya. Launin ƙasa-ƙasa, da wasu 'yan ƙayoyi jere a saman ido kamar gashin ido, sun bi gefen kai sun gangara baya. Verna ta saye ta da kaka, wai ta gaji da yi wa talabijin magana. Ta sa mata Mildred, sunan yayar mijinta, don ita ma ba ta ƙifta ido kuma ba ta taɓa yaba girkin kowa ba.

Ya bar mini ƙaramar jakar garin abinci, da kwalbar fesa ruwa, da shuɗin murfin kwalbar madara. A dama garin da ruwa, a zuba a murfin, a ajiye da yamma, a ɗauke da safe. "Kaɗan za ka sa," in ji shi, idonsa a kan waya. Ya kama hanyar Minneapolis tun hanya na da kyau.

Talata, 8 ga Janairu

Garin ƙanshin ayaba yake. Na dama shi da kaurin kunu, na cika murfin har baki. Murfin kwalba ai ko an cika shi kaɗan ne.

Da safe yana nan yadda na ajiye shi. Baƙunta ce. Ni ma ba na iya ci a gidan wani ranar farko.

Alhamis, 10 ga Janairu

Ba ta taɓa ba. Na wanke, na dama sabo.

Asabar, 12 ga Janairu

Verna ta kira daga asibiti. An yi aikin, murya duk ta shaƙe amma bakin yana nan.

"Kai, ɗan Norwe, ka kashe mini 'ya ko tukuna?"

Na ce lafiyarta lau.

"Tana ci?"

Na ce kullum ana ba ta. Ta ce madalla, sai nas ta shigo aka katse. Ba ƙarya na yi ba. Amma na daɗe tsaye da kan wayar a hannu.

Mace kwance da ƙarfe a ƙugu, me zan ce mata? A gidanmu ba a kai wa majinyaci damuwa. A bar ta ta warke, kafin nan abar nan ta saki jiki.

Litinin, 14 ga Janairu

Na kasa zama wuri ɗaya. In tura abin dogarawata zuwa taga, in dubi tafki, in dawo gaban gilashi, in koma kicin in manta abin da ya kai ni. Ƙafafuna ba sa son wannan zirga-zirgar, amma kujera ma ta ƙi ni.

Duk yini Mildred tana manne a bayan ganyen roba, ba motsi. Sai rana ta faɗi take fitowa, ta hau reshe, ta zuba mini ido. Ɗazu ta zaro harshe ta lashi ƙwayar idonta. Idonta za ta lasa, abincina kuwa a'a.

Na sauko da kundin sani na makaranta, juzu'in da ke da ƙadangaru. Nauyinsa ya kusa kayar da ni. Akwai tsaka iri-iri a ciki, babu irin wannan. Verna ta taɓa ce mini an daɗe ana zaton irinsu sun ƙare a duniya, sai daga baya aka sake ganinsu a wani tsibiri can ƙarshen teku. Ke nan lokacin da aka buga littafina ba wanda ya san abin da suke ci. Duk duniya ta ɗauka sun mutu suka rayu, sai a hannuna ne za a ƙarasa.

Laraba, 16 ga Janairu

Na tuna teburin mahaifiyata. A wajenta abin kunya mafi girma shi ne baƙo ya hangi gindin kwano. Kafin ka kai rabi ta ƙara. In ka ce ka ƙoshi ta ce ai ba ka fara ba. Baƙon kirki kuma ba ya miƙa hannu da tayin farko, sai an yi masa na biyu da na uku. Haka aka raine mu, haka Signe ma ta yi wa duk wanda ya zauna a kujerun nan.

Wataƙila murfi ɗaya rowa ce. Na samo murfin kwalbar zuma, ya fi faɗi, da na kwalbar magani. Na cika duka ukun, ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan katakon sama, ɗaya dab da ganyen da take kwana.

Alhamis, 17 ga Janairu

Uku cike. Uku a kwandon shara.

Asabar, 19 ga Janairu

An mayar da Verna gidan jinya, inda ake koya wa mutane tafiya. Ta kira ta yi ta zagin kofinsu, wai ruwan wanke kofi ne. Ta tambayi 'yarta, na ce tana gaishe ta.

"Muryarka ba daidai ba, Arvid."

Na ce mura ce.

"Murar ƙarya. Kai ko mutuwa kake za ka ce mura ce."

Na gwada ayaba da aka murƙushe. Na gwada ɗigon zuma. Jiya har ɗan ɓarin dafaffen ƙwai na ajiye, da safe ɗakin duk wari. Ina ganin kamar ta rame, amma idona da yana, ban yarda da shi ba. In na sa gilashin karatu na kan ga haƙarƙari, in na cire ba na ganin komai.

Abincin kaina ma ban dafa ba yau. Burodi da kofi a tsaye.

Talata, 22 ga Janairu

Dole in rubuta wannan.

Na ce tun da ba ta zuwa wajen abinci, bari in kai mata har baki. Da la'asar na buɗe ƙofar gilashin, na tsoma yatsa a damammen garin, na sa ɗaya hannun in ɗauko ta. Laushinta kamar ƙyallen goge tabarau. Sai ta yi tsalle. Na ji tsoro kada ta faɗo ƙasa ta shige bayan bututun ɗumama ɗaki, na kai cafka. Abin da ya rage tsakanin yatsuna wutsiya ce.

Ita kaɗai, tana ta mutsu-mutsu a tafin hannuna kamar ba ta san an rabu ba. Mildred tana manne can saman gilashi, ƙirjinta na bugawa, baya gundul. Jini ɗigo ɗaya ne ko bai kai ba.

Na zauna a ƙasa. Tashi kuma ya zama aiki, sai da na rarrafa zuwa kujera.

Ban iya jefa ta a shara ba. Binnewa kuma, ƙasa ta daskare kamar ƙarfe sai bazara. Na sa ta a kwalbar magani, na ajiye a wajen ƙanƙarar firji, kusa da wake.

Laraba, 23 ga Janairu

Waya ta yi ta ƙara. Ban ɗauka ba.

Juma'a, 25 ga Janairu

Ba ta fito ba kwata-kwata. Na leƙa da tocila ta gefen ganye, tana numfashi. Wurin da wutsiyar ta fita ya bushe.

Shekara arba'in na yi a ofishin tashar lodin tama, jirgin ruwa bai taɓa tashi da kuskurena ba. Yau abin da bai kai wasiƙa nauyi ba ya gagare ni. Ba ta ci a hannuna ba tun da ta zo, na kuma raba ta da rabin jikinta. In Verna ta dawo ta tarar da akwati babu kowa, da wane ido zan bi ta gaban ƙofarta?

Har yanzu ina cika murafun. Ban san abin da zan yi in ba haka ba.

Lahadi, 27 ga Janairu

Na ɗauki wayar yau. Verna ta ce ta yi taku shida da taimakon wata ƙatuwar nas mai hannun ma'aikacin tasha. Na ce madalla. Ta jira in ƙara. Na ce ana cewa sanyi mai tsanani na tafe.

"Yanayi za ka ba ni labari? Ina da taga, tsoho."

Talata, 29 ga Janairu

Sanyin ya zo. Rediyo ya ce kada kowa ya fita, fata na daskarewa kafin mutum ya kai bakin titi. An rufe makarantu. Tafki sai hayaƙi yake. Ƙanƙara ta yi fure a cikin tagar kicin, ta ciki.

Teburin yana kusa da taga. Ba zan iya ɗaga akwatin ba, don haka teburin na ja gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan, ina hutawa, har tsakiyar ɗaki. Na lulluɓe gefe uku da bargon Signe. Yanzu ba hanyar zuwa kicin sai na zagaya.

Ga wata kuma. Na zo damawa na tarar jakar ta kusa ƙarewa. Ni na ƙarar da ita, murfi uku kullum ana zubarwa. Abin da ya rage a gindi bai fi cokali biyu ba. Motar coci da ke kai mu kanti ba za ta fito ba sai sanyi ya sauka, kuma ban ma san kantin da ke sayar da shi ba.

Na ɗebi bakin cokalin shayi, na ɗiga ruwa, na shafa a gindin shuɗin murfin. Shafe kawai, har launin robar na nunawa ta ƙasa. Da na ajiye sai da na ce mata ta yi haƙuri. Da mahaifiyata ta ga wannan da ta juya fuska bango.

Laraba, 30 ga Janairu

Na ɗauko murfin da safe zan wanke. Allah ya sa ban kunna famfo ba.

Akwai zane a ciki. Na kai shi taga, na sa gilashin karatu. 'Yan layuka ne gajeru, a jere, kamar an share da bakin ashana, shuɗin gindin ya fito tas a gefe ɗaya. Sawun harshe. Na ƙirga, na ɓata, na sake, na bari.

Duka abin da ta ci bai kai ƙwayar wake ba. Sai na tsaya da murfin a hannu. In cikinta ke nan, to a murfi cike ta ina zan gani? Ta lasa, kunun ya koma ya haɗe kafin gari ya waye. Kamar a ce mutum ya sha daga tafki, a zo da safe ana duba ko ya ragu.

Na ɗauki tocila na ɗaga ganyen can baya, wanda ban taɓa ɗagawa ba don tsoron damunta. Kashi. Baƙi da ɗan fari a kai, birjik a kan katako, tsoho da sabo. Ban taɓa zaton zan yi murnar ganin kashi haka ba.

Tana ci tun ranar farko. Wutsiyar ta tafi a banza.

Na soya ƙwai biyu. Na ƙona ɗaya don na koma duba murfin.

Asabar, 2 ga Fabrairu

Shafe ɗaya, murfi ɗaya. Da safe gindi a share. Hannuna har yanzu yana son ƙarawa, sai na riƙe shi. Garin da na ɗauka na kwana biyu ne, a haka zai kai ni makonni.

Jiya da magariba ta yi tsalle daga reshe zuwa gilashi, ta ɗan kuskure, ta manne da ƙafa uku. Tana koyon rayuwa ba wutsiya. Kamar kwaɗo ta koma.

Dole Verna ta sani, kuma ba a waya ba.

Alhamis, 7 ga Fabrairu

Na bi motar coci zuwa gidan jinya. Rabona da irin wurin nan tun kwanciyar Signe, warin bai canja ba. Na tarar da Verna a keken guragu bakin taga, ta ragu sosai, gashi ba gyara.

"Wa ya mutu? Ka ɗaura taye a wuya."

Ban zauna ba. Na ciro kwalbar maganin na ɗora mata a cinya. Ta ɗaga ta wajen haske, ta juya, ta sake juyawa.

"Mene ne wannan, tsutsa?"

Na faɗa mata duka, a tsaye, tun daga murfin farko. Ta saurara baki buɗe. Da na zo kan murfi uku sai ta fara. Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu tana cewa wayyo, nas ta leƙo.

"Murfi uku! Ka yi wa tsaka walimar Kirsimeti! Ba Royce ya ce maka kaɗan ba?"

Na ce murfin kwalba ai kaɗan ne.

"A wajen ɗan Norwe. Ku da in ba ku ga mutum ya kasa tashi daga tebur ba, ba ku yarda ya ci ba."

Na tambaya ko za ta sake tsirowa. Ta ce irin wannan ba sa mayarwa, ta tafi ke nan. Na ce to na cuce ta har abada. Ta ce a dajinsu ma manyan yawanci gundul suke yawo, ba wanda ya yi musu zaman makoki. "Zauna, Arvid, kana sa wuyana ciwo."

Na zauna. Ta daɗe tana juya kwalbar. Sannan ta ce ba za ta dawo benen ba. Likita ya ce ita da matakala sun yi sallama. Royce ya samo mata ɗaki a wani gidan tsofaffi kusa da shi, ba a shiga da dabba, ko kifi. Matarsa kuwa ko hoton ƙadangare ba ta iya kallo. Zai zo ran Asabar ta sama ya kwashe kayan ɗakin, ya kai Mildred wani kantin dabbobi da ya ce zai karɓa.

Na ce haka ya fi. Na ce can akwai waɗanda suka san aikin.

"Ni ban ce ka riƙe ba," in ji ta. "Shekara ashirin suke yi, ka sani. Kai kuwa ƙarshen hunturun nan ma sai an haɗa da addu'a."

Na ce na gode da fatan alheri. Ta ce ba komai, me ake da maƙwabci. Da direba ya leƙo kirana ta ƙi ba ni kwalbar, ta tura ta aljihun rigarta.

Lahadi, 10 ga Fabrairu

Sauƙi ne a gare ni. Zan sami teburina. Zan daina zagaye kafin in kai kicin.

Talata, 12 ga Fabrairu

Na goge gilashin ciki da waje don kada masu kanti su ce an yi sakaci. Ina gogewa ta tako a kan bayan hannuna, da kanta, ta tsaya. Ban motsa ba. Ƙafafunta sanyi, suna ɗan kama fata. Ta gama abin da take yi ta wuce.

A kanti ko wa zai ba ta? Yara ne ke aiki a irin wuraren nan. Ko a sayar wa wani ya je ya cika mata kwano.

Ba ruwana.

Alhamis, 14 ga Fabrairu

Taga, gilashi, taga. Na ji ana jan kwalaye a ɗakin Verna, na buɗe ƙofa, ashe mai benen ne ya zo aune-aune.

Asabar, 16 ga Fabrairu

Royce ya zo da wasu ƙarti biyu. Kafin azahar ɗakin Verna ya koma bango huɗu. Na ga kujerarta ta wuce a kan wani, ƙafafu sama.

Ya shigo nawa a ƙarshe, safar hannu a sanye, ya dubi akwatin. Na ce ya zauna ya sha kofi. Ya ce yana sauri. Na zuba.

Na tambaye shi motar kayan tana da ɗumi a baya? Ya ce a'a, amma zai sa ta a gaba. Na ce daga ƙofar bene zuwa mota fa? Ya ce taku nawa ne. Na ce dabbar ƙasar zafi ce, ciwonta bai gama warkewa ba, iska ɗaya daga tafkin nan ta ishe ta. Ban san ko haka ne ba, amma na faɗa da muryar ofis.

"To ya za a yi, Mista Solheim? Ni ba zan sake hawo hanyar nan ba sai ƙanƙara ta narke."

Na ce sai ta jira ta narke. Ba don komai ba, don kada a ce a hannuna sanyi ya kashe ta.

Ya dube ni ta saman kofi. A nan Duluth aka haife shi, ya san ƙanƙara ba ta barin tafkin nan sai can cikin bazara. Ya kurɓi kofinsa. Na ce sai dai garin abincin ya kusa ƙarewa, ni kuma ban iya sayen kaya ta waya ba. Ya ciro wayarsa, ya shafa, ya ce akwai ƙaramar jaka, akwai babba. Babbar, a irin cin da take yi, sai ta shekara ba ta ƙare ba.

Na ce ƙananan jakunkunan bakinsu na da wuyar buɗewa ga mai rawar hannu.

Babbar jakar za ta iso ran Laraba. Teburin na bar shi a tsakiyar ɗaki, jansa wahala ne.